Ɗaurin Roba a Bakin Tiyo

Shekara goma sha ɗaya Yona Kambai ya yi yana haɗa wa mutane gas ɗin girki a Ketaren Gwari, kuma a cikin shekarun nan babu wanda ya taɓa kiransa maƙaryaci. Ya yi ƙarya kuwa, babba ma. Da shiru ya yi ta, kuma mutane ba su cika kama irin wannan ba.

Shagonsa rabin kwantena ne a bakin titi, da tukwanen gas jere a ƙarƙashin rumfar kwano. Aikin ba shi da yawa in ka iya. Akwai tukunya, akwai regileta da ake ɗaurawa a kanta, akwai tiyo, sai risho. Kowanne daga kamfaninsa yake zuwa, kowanne da tambarin gwaji a jikin kwalinsa. Inda gizo yake saƙar a mahaɗa ne. Tiyon da ya cika kasuwar Minna bakinsa ya fi hancin regileta faɗi, ba da yawa ba, kaurin ƙwayar gero. Sai masu haɗawa suka samo dabara. A yanko tsohon tiyub na babur siriri, a nannaɗe hancin regileta da shi har ya yi kauri, a cusa tiyo, a sake ɗaurewa ta waje, a shafa ruwan omo. In kumfa bai tashi ba, aiki ya yi. Haka maigidansa ya koya masa a Kafanchan, haka shi ma ya koya wa wasu, kuma a garin nan babu mai ɗaurin da ya kai nasa kyau.

A watan Maris na bara, lokacin da zafi ke sa kwalta ta yi laushi, Bintu mai ƙosai a Limawa ta sunkuya za ta rage wuta, sai wutar ta fito ta inda ba a kunna ta ba. Ta cinye mata hannun dama daga wuyan hannu har gwiwa. Yona ne ya haɗa mata gas ɗin wata huɗu kafin nan.

Shugaban ƙungiyar masu sayar da gas, Alhaji Zikrullahi, ya kwashi 'yan ƙungiya suka je dubiya asibiti da lemo da burodi. A gaban dangi ya yi jaje, ya kuma ce mata su riƙa kula, domin yawancin irin wannan gobara daga barin gas a buɗe take tasowa. Bintu tana kwance, ba ta da bakin musu. Yona yana tsaye a ƙarshen gado da ledar lemo a hannu, ya san abin da ya sani, bai ce uffan ba. Maganar Alhaji ta bi unguwa. Mai gidan da take haya ya hana ta suya a ƙofar gida, ya ce ba zai bar mai sakaci ta ƙona masa gini ba. Ta koma tallan magi da gishiri a faranti. Mutum ya ƙone, a kuma ɗora masa laifin ƙonewar, wannan zalunci biyu ne, kuma Yona yana da hannu a duka biyun.

Shekara ta kusa zagayowa sai rediyo ta fara sanarwa. Hukumar da ke duba ingancin kaya ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida, kuma za ta zo Minna ranar Alhamis ta ji ra'ayin jama'a. Abin da daftarin ya ce a taƙaice shi ne, in an gwada kowane ɓangare na kaya shi kaɗai, ya samu tambari, to ba sai an sake gwada kayan ba bayan an haɗa su. Tiyo mai tambari da regileta mai tambari sun wadatar.

Alhaji Zikrullahi ya tara 'yan ƙungiya a harabar daffon da suke cika gas ranar Litinin da la'asar. Ya bayyana musu cewa wannan ƙa'ida rahama ce, domin in aka yi akasinta, za a riƙa zuwa ana kwashe musu kayan da suka haɗa ana kaiwa gwaji, ana rufe shaguna. Ya ce ƙungiya za ta je da murya ɗaya, shi zai yi magana, sauran su tafa. Duk wanda ya tashi ya faɗi wata magana dabam, ya ajiye katinsa na ƙungiya. Kowa a wurin ya san ma'anar haka, don daffo ba ya cika wa wanda ba shi da kati ko tukunya ɗaya.

Yona ya ɗaga hannu ya tambaya ko za a ambaci batun roba. Wani ya yi dariya.

"Oga Yona, kai da kake malaminmu a ɗaurin?" in ji Alhaji. "Yau kuma wa'azi ka zo yi mana? Lahadi ai jiya ce."

Aka yi dariya sosai, har shi Yonan ya murmusa, ya sauke hannu. Alhaji ya dafa kafaɗarsa da za a watse, ya ce masa cikin sanyin murya kada ya tono abin da aka riga aka binne.

Da ya koma gida Fadikpe, matarsa Dorothy tana kicin tana tuƙa tuwo. Ya zauna a kan turmi ya ba ta labarin taron, yana jan maganar ta inda za ta yi masa daɗi. Ya ce ai ba shi ya ƙera tiyon ba, ba shi ya buga tambarin ba, kuma kowa haka yake yi. Ta bar shi ya gama. Sannan ta nuna tukunyar gas ɗinsu da muciya.

"Baban Precious, duba wannan. Ina robar?"

Babu roba. Tiyon gidansa daidai bakin regileta ne, sai da ya sa aka kawo masa daga Kaduna, kuma da kilif na ƙarfe ya ɗaure shi, ya matse da sukundireba. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa yarda tiyub ɗin babur ya shiga kicin ɗin matarsa ba.

"Ka san abin tun tuni ke nan," ta ce. "Ni ka tsare, ka bar 'ya'yan mutane."

Ta ci gaba da tuƙi, tana magana da tukunya. Ta ce ita ba ta son su rasa shago, ta san wahalar da suka sha kafin su kafa shi, kuma in ya zaɓi ya yi shiru ba za ta kai ƙararsa ko'ina ba. Abu ɗaya ne ba za ta yarda da shi ba, ya zauna a kan turminta yana gaya mata bai sani ba.

Washegari da hantsi ya hau keke napep zuwa Limawa. Ya tarar da Bintu a bakin lungunsu, farantin magi a gabanta, ta rufe hannun dama da gefen mayafi. Suka gaisa kamar yadda aka saba, ta tambayi madam da yara. Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi a gaban mai sayen kayansa ba, ya gaya mata cewa ba ta bar gas a buɗe ba. Ya ce robar da ya ɗaura ce ta saki da zafin kasko, kuma ya san haka tun ranar da ya tsaya a ƙarshen gadonta.

Ta ture farantin magi gefe.

"Na sani, Oga Yona," ta ce. "Ni da na shekara ashirin a gaban wuta, a ce ban iya kashe ta ba? Jira nake in ga ranar da kai za ka sani."

Ta shiga gida ta fito da wani tsohon bokitin fenti. A ciki akwai regileta da guntun tiyo, baƙi ƙirin, robar ta narke ta manne a mahaɗar kamar ƙanzo. Ta ce 'yan uwanta sun so su yar, ta hana. Ya roƙe ta ta ba shi aro zuwa ranar Alhamis, ya bayyana mata taron da abin da yake niyyar yi. Ta ce ba ta ba da aro. Inda bokitin nan zai je, ƙafarta za ta je. Ta kuma gaya masa kada ya ɗauka ta yafe, wannan magana ce ta wata rana.

Laraba duka ya yi ta a bayan shago yana gwaji. Ya san ba za a bar shi ya shiga ɗakin taro da tukunyar gas ba, don haka ya aro famfon hura tayar keke. Ya toshe gindin regileta, ya haɗa famfon a ɗaya bakin tiyon, ya yi ta hurawa a cikin ruwa har ya tabbata abin zai nuna. Maƙwabcinsa mai faci ya leƙo ya tambaye shi ko ya canza sana'a ne. Yona ya ce mai yiwuwa.

Ɗakin taron ya cika kafin ƙarfe goma. 'Yan ƙungiya sun zauna a gaba cikin riguna iri ɗaya. Akwai masu sayar da kayan lantarki, da masu haɗa kujerun yara, da malaman makaranta, da wasu da suka zo don an ce za a raba ruwa da biskit. A kan tebur mutum uku ne, mai jagorantar zaman wata injiniya ce mai suna Kafayatu, mace mai tabarau, tana Turanci tana fassarawa da Hausarta ta 'yan kudu. Ta ce kowa minti uku gare shi, kuma duk abin da aka faɗa za a rubuta da sunan mai faɗa.

Mai gadi ya tsayar da su Yona a ƙofa saboda kayansu, bokiti biyu da famfo da fulas ɗin ruwan zafi da Dorothy ta rungume. Ya tambaya ko shayi za su sayar. Bintu ta ce masa shaida ce, ya duba fuskarta, ya matsa.

Aka yi ta magana. Mafi yawan masu tashi godiya suke yi, wasu kuma ƙorafin da bai shafi taron ba, na wutar lantarki da na hanya. Alhaji Zikrullahi ya yi nasa jawabin da kyau, don ya iya magana. Ya ce 'yan ƙungiyarsa ba sa sayar da komai sai mai tambari, kuma abin da masana suka riga suka gwada ba ya buƙatar a sake gwada shi. Aka tafa masa.

Da aka kira sunan Yona, ya tashi. Ya wuce ta gaban 'yan ƙungiya bai dubi kowa ba. Bai iya dogon jawabi ba, bai kuma gwada ba. Ya buɗe sabon kwalin tiyo da sabon kwalin regileta, ya miƙa wa injiniyar ta ga tambarin kowanne. Ya zura tiyon a hancin regileta, ya juya shi ƙasa, tiyon ya zame ya faɗi. Sannan ya ciro robar daga aljihu ya ɗaura. Hannunsa ya yi aikin cikin saurin da ya saba, zagaye bakwai a ciki, biyar a waje, ƙulli. Ya tsoma mahaɗar a bokitin ruwan sanyi, ya taka famfo, ya hura. Ruwan bai motsa ba.

"A shago iyakar gwajinmu ke nan," ya ce. "Da safe, a inuwa."

Mai riƙe da agogo ya ce saura minti ɗaya. Dorothy ta taso ta juye ruwan fulas a cikin bokitin. Yona ya tsaya yana jira, ɗakin duka yana jira da shi. Agogo ya cika, mai agogon ya buɗe baki, Injiniya Kafayatu ta ɗaga masa hannu ba tare da ta dube shi ba. Ta sauko daga kan tebur ta tsaya a kan bokitin. Yona ya sake hurawa. Kumfa ya fara fitowa daga gefen robar, ɗaya bayan ɗaya, ƙanana, sannan ya zama layi.

Alhaji ya miƙe daga kujerarsa ya ce wannan wasan yara ne, babu wanda ke dafa tiyo a ruwan zafi. Kafin kowa ya amsa, Bintu ta taso da nata bokitin. Ba a kira sunanta ba, ba ta kuma nemi izini ba. Ta ajiye ƙonannen regileta a kan tebur, ta yaye mayafi daga hannunta.

"Alhaji, ka taɓa dafa tiyon da ke kwance gefen kasko da ƙarfe biyun rana a watan Maris? Ni na dafa. Kai ka ce na bar gas a buɗe. Ga hannun, ga robar, a tambaye su."

Alhaji ya koma ya zauna a hankali. Injiniyar ta ɗauki regiletan ta jujjuya, ta gano tambarin a ƙarƙashin baƙin hayaƙi, ta nuna wa abokan aikinta. Ta tambayi Yona me ya sa ba sa amfani da tiyon da ya dace. Ya ce wanda ya dace sai an nema, mai faɗin kuwa yana ko'ina, kuma dukansu da tambari, babu kwalin da ya rubuta wane ne ke tafiya da wane. Ta tambaye shi me yake so a sa a cikin ƙa'idar. Ya ce a gwada su a haɗe, a kuma gwada su da zafi irin na nan garin. A rubuta girman baki a jikin kowanne da manyan lambobi yadda wanda bai yi boko ba zai gane. A hana roba.

Ta rubuta. Sannan ta nuna ƙonannen ƙarfen da biro.

"Baba, wannan ɗin wa ya ɗaura?"

"Ni."

"Ka gane za a rubuta, kuma kowa zai iya karantawa?"

"Na gane. Yona Kambai, Ketaren Gwari."

Ta tambaye shi gidaje nawa ke da irin wannan ɗauri nasa. Ya ce bai ƙirga ba, amma ba za su kasa ɗari huɗu ba, ban da na yaran da ya koya wa. Wata mata a baya ta yi salati, ta tashi ta fita da sauri, kowa ya gane gida ta nufa. Injiniyar ba ta yi masa alkawarin komai ba. Ta ce za a haɗa maganarsa da na sauran garuruwa, kwamiti zai zauna, ita dai za ta tafi da ƙonannen regiletan in mai shi ta yarda. Bintu ta ce a ba ta takarda tukuna, aka rubuta mata, aka buga hatimi.

A waje Alhaji Zikrullahi yana jiransa a inuwar dalbejiya. Bai yi faɗa ba. Ya ce yana da mutum sittin a ƙarƙashinsa, kowanne da iyali, kuma daga gobe mata za su riƙa kallonsu kamar masu kisan kai. Ya ce da Yona ya same shi a gida, da sun gyara abin a tsakaninsu. Yona ya tuna masa cewa ya ɗaga hannu ranar Litinin. Alhaji ya miƙa tafin hannu. Yona ya ciro katin daga aljihun gaba ya ɗora masa.

"Ka san ba ni da yadda zan yi," in ji Alhaji.

"Kana da shi, Alhaji. Ni ma haka nake cewa har shekaranjiya."

Daga nan ba gida suka nufa ba. Bintu ta ce akwai sauran mutum ɗaya da bai je taro ba. Suka shiga napep su uku zuwa Limawa, Yona ya yi sallama da mai gidan hayarta, ya maimaita masa maganar daga farko a gaban masu zaman majalisar ƙofar gida. Tsohon ya saurara yana jan carbi, ya ce zai yi tunani. Bayan sati biyu kasko ya koma wurinsa. Da hannun hagu Bintu take juya ƙosan yanzu, ba su kai na da kyau ba, ana saye.

Daffo ya rufe wa Yona ƙofa kamar yadda aka faɗa. Tukwanen da ke ƙarƙashin rumfar suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, ba a sake cika su ba, masu saye suka koma shagon gaba. Wasu daga cikin tsofaffin abokan sana'arsa suka daina amsa gaisuwarsa. Biyu sun zo a ɓoye sun tambaye shi inda ake samun tiyon Kaduna, ya gaya musu. Wata guda bayan taron wasiƙa ta zo daga hukumar, layi huɗu, cewa an karɓi ra'ayinsa kuma yana gaban kwamiti. Dorothy ta sa ta cikin Littafi Mai Tsarki. Har yanzu ƙa'idar ba ta fito ba, kuma babu wanda ya san da wace fuska za ta fito.

Yona bai zauna jiranta ba. Kullum da safe yana rataya jaka mai ɗauke da nadin tiyo, da kilif, da sukundireba, da reza, ya bi gidajen da yake tunawa. Ba shi da jerin suna, da ƙafa yake tuna su, lungu bayan lungu. Wasu suna karɓarsa da ruwan sha, wasu da zagi, wata a Fadikpe ta watsa masa ruwan wanke-wanke kafin ta bar shi ya shiga. Ya shiga da rigar a jiƙe, ya kashe tukunya, ya tsuguna, ya sa reza ya yanke ɗaurinsa. Robar ta riga ta yi laushi, tana manne wa yatsa. Ya nuna wa matar, ya jefa a jaka tare da sauran, ya tambaye ta ko maƙwabciyarta ta ciki tana nan, don ya tuna ita ma shi ya haɗa mata.